CAKULAN DA BAI NARKE BA

SHAFI NA 23

Salama a gare ku, 'yan'uwa masu bibiya. Na karanta ƙorafinku, musamman na waɗanda suka ce na bar yarinya a gadon asibiti na tafi harkokina. Zikora tana numfashi. Yau gidan Jacinta za mu shiga.

*

Ranar Alhamis da rana tsaka Florence ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

Kwana huɗu ke nan da Lahadin da 'yarta Zikora, mai shekara bakwai, ta ci alewar lemun Jacinta guda biyu a bikin yara na coci, maƙogwaronta ya kumbura, aka ɗauke ta a kan mashin zuwa asibiti. Jikin yarinyar ba ya karɓar madarar shanu ko kaɗan, kuma babu wanda bai san haka ba a ikilisiya. Saboda ita ma Jacinta ta fara yin alewar shekara biyu da suka wuce, don ta gaji da ganin ɗalibarta ta Makarantar Lahadi tana kallon bakin sauran yara.

Yau da ƙarfe huɗu majalisar dattawa za ta zauna a kan maganar. Idan suka yarda cewa Jacinta ta yi ƙarya, ranar Lahadi za a sanar an sa ta a ƙarƙashin horo: za ta koma bencin baya, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, ba za ta koyar da yara ba.

"Maman Jason, ban zo faɗa ba," in ji Florence daga bakin ƙofa.

"Shigo, Maman Zikora. Yaya jikin nata?" in ji Jacinta.

"Ya fara shan ruwa. Likita ya ce in da mun ƙara minti goma a hanya, da wani magana muke yi yanzu."

"Mun gode wa Ubangiji."

"Mun gode masa." Florence ba ta zauna ba. A Kafanchan aka haife ta, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, iyayenta baƙi ne daga Kudu, kuma idan ranta ya ɓaci Hausarta ba ta jiran gyara. "Ni na ce a'a sau biyu. Ke kin ce, Florence, bar shi ya ci, ba madara, ni na yi da hannuna. A gaban mata duka."

"Na faɗa."

"Har yanzu kina faɗa?"

"Har yanzu."

Florence ta buɗe jakarta, ta fito da wani abu a naɗe cikin farar takarda, ta ajiye a kan teburi.

"Uku kin ba shi. Ya ci biyu. Wannan na uku ne. Na so in kai wa dattawa, amma ba na son ganinsa kuma a jakana. Ki duba aikin hannunki."

Jacinta ta warware takardar a hankali.

Ɓarin lemu ne lulluɓe da cakulan, kamar yadda ta saba yi. Sai dai yana sheƙi. Gefensa a tsaye yake. Takardar da aka naɗe shi ko ɗigon maiƙo babu a jikinta.

Ta daɗe tana kallonsa.

"A firij kika ajiye shi?"

"Wane firij? A benci nake kwana, a asibiti."

"Tun Lahadi yana cikin jakarki?"

"Tun Lahadi. Mene ne?"

"Babu komai tukuna. Ki gaishe mini da Zikora. Ki ce mata malamarta tana yi mata addu'a."

"Ba zan faɗa ba," in ji Florence, ba tare da ɗaga murya ba. "Sai ƙarfe huɗu."

*

Bayan ta fita, Jacinta ta rufe alewar da kofi, ta wanke hannunta, ta leƙa tsakar gida.

"Bernice."

"Na'am, matarmu."

Bernice ƙanwar mijinta Jonathan ce. Tana da shekara goma sha ɗaya uwarsu ta rasu, Jacinta ta ɗauko ta daga ƙauye da jaka ɗaya da ƙaiƙayi a kai. Yanzu saura mako uku a ɗaura mata aure da Kaleb, ɗan Kagoro. An yi sanarwa a coci sau biyu, saura ta uku.

"Zo ki taya ni. An kawo wuta, zan yi alewa."

Bernice ta tsaya da allura a hannu, tana ɗinke bakin mayafin amarya.

"Yau, Anti? Ai na ɗauka kin daina har a gama maganar nan."

"Guda goma kawai. Hannuna ya gaji da zama."

Suka zauna kamar yadda suka saba, kowa a kujerarta. Jacinta ta ɓare lemun zaƙi biyu na Samaru Kataf, ta raba ɓari-ɓari, ta cire fararen zaren da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Bernice ta goge su da tsabtataccen kyalle, ta jera a faranti a bakin taga don iska ta busar da fatarsu, domin cakulan ba ya kama jiƙaƙƙen lemu.

"Dabinon ya jiƙu?"

"Ya jiƙu."

"Daka shi. Kada ki bar ɓawo."

Bernice ta daka a ƙaramin turmi, ta tace a rariya. Jacinta ta ɗauko kwalbar man kwakwa daga inda rana take dukanta, ta zuba a kwano, ta kawo ɗanyen garin koko na Kudu, irin na yin cakulan, wanda ba a soya ba, ta barbaɗa a hankali tana juyawa. Ta zuba dabinon. Ta ƙara ɗan gishiri da garin citta a kan yatsa. Babu sukari, babu zuma, babu abin da ya fito daga jikin dabba, kuma babu abin da ya taɓa wuta. Haka take yi tun farko.

"Kaleb ya kira?"

"Ya kira. Wai telan ya ɓata masa wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ki ce masa ya tsaya a karkace. Hoto ba ya nuna ƙasa."

Bernice ta yi dariya, dariyar ta tsaya mata a rabi.

Suka soke kowane ɓari da tsinke, suka tsoma, suka ɗaga har ya daina ɗiga, suka shimfiɗa a kan ganyen ayaba. Jacinta ta sa farantin a firij, ta dawo ta zauna, ta haɗa hannuwanta a kan cinya.

"Ki sake ba ni labarin Asabar."

"Ai na ba ki, Anti."

"Na tsufa. Sake ba ni."

"An ɗauke wuta da rana. Kika ce kada aikin ya lalace. Na zuba su a kula, na kai shagon ƙawata da ke da janareto. Da safe na ɗauko, na naɗe a takarda, na kai coci."

"Guda ɗari da ashirin."

"E."

"Babu wanda ya lalace."

"Babu."

"Ni kuma ban buɗe ko ɗaya ba, don kin san ba na sa komai a baki ran Lahadin Jibi sai na dawo gida."

Bernice ta ɗauki kyalle tana goge teburin da babu abin da ya zuba a kansa.

Da minti ashirin suka cika, Jacinta ta fito da farantin. Cakulan ya daskare, launinsa dushi-dushi, ba ya sheƙi. Ta ɗauki guda ɗaya. Sannan ta ɗaga kofin nan ta ɗauko wanda Florence ta kawo.

"Miƙo hannuwanki."

"Anti, mene ne haka?"

"Miƙo."

Ta sa sabon a tafin dama, na Florence a tafin hagu.

"Rufe. Za mu yi Addu'ar Ubangiji tare. Idan mun ce amin, ki buɗe."

Jacinta ta rufe ido ta fara, ba ta yi sauri ba, ba ta tsallake kalma ba. Muryar Bernice ta bi ta har tsakiya, daga nan ta ɓace. Jacinta ta ƙarasa ita kaɗai.

"Buɗe."

Hannun dama ya cika da baƙin ruwa mai kauri, yana bin tsakanin yatsu yana ɗiga a siminti, lemun yana kwance tsirara a tsakiya. Na hagu yana nan yadda aka sa shi.

"Nawa ba ya jure hannun mutum minti biyu," in ji Jacinta. "Wannan ya yi kwana huɗu a jaka, a zafin Afrilu. Wa ya yi shi?"

Bernice ta sunkuyar da kai.

"Bernice, ni na koya miki ɗaura zani. Ki dube ni."

Bernice ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Janareton ya lalace, Anti. Ƙawata ba ta gaya mini ba sai da yamma. Da na buɗe kular, duk sun zama kunu, lemun yana iyo a ciki. Na ji tsoro. Na san kwana biyu kika yi a kansu."

"Sai?"

"Sai muka ɓare wani lemun. Muka narka cakulan na kanti, irin bulon da masu kek suke saya. A wuta."

"Kin karanta kwalin?"

"Na karanta."

"Me aka rubuta?"

"Akwai madara."

Jacinta ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta miƙa mata kyalle ta goge hannu, domin cakulan ya fara gangarowa kan siket ɗinta.

"Kin san Zikora za ta zo bikin?"

"Na yi niyyar in gaya miki da safe. Da na iso, an riga an fara waƙa. Na ce bari a tashi. Da aka tashi kuma sai mata suka kewaye ki suna yabo."

"Lokacin da Florence ta ce a'a, na ce ta bar yarinyar ta ci, kina ina?"

Bernice ta sa fuska a kyallen.

"Ina tambayarki. Kina ina?"

"Ni ce nake riƙe da tiren."

Daga waje mai kifi ya wuce yana busa ƙahonsa. Jacinta ta jira har sautin ya yi nisa.

"Tsoron ranar na fahimce shi. Amma Litinin ta zo, Talata ta zo. Jiya a taron zumunta mata biyu suka janye kujerunsu daga kusa da ni, kina gani. Kika dawo gida kika ci tuwon da na tuƙa, kika ce in duba miki tsawon mayafi."

"An ce in yi shiru."

"Wa ya ce?"

Bernice ta dubi ƙofa.

"Kin ce muka ɓare, muka narka. Ke da ƙawarki?"

"Ƙawata ba ta sani ba. Kicin ɗinta kawai ta ba ni."

"To ke da wa? Kaleb?"

"Kaleb bai san komai ba, don Allah kada ki sa shi."

"Bulon cakulan ba a samun sa a unguwar nan. Sai an shiga kasuwa. Wa ya kai ki?"

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Dukansu sun san ƙarar, tsohuwar mota ce mai tari kafin ta mutu.

Jacinta ta dubi fuskar Bernice, ta ga amsar.

*

Jonathan ya shigo da jakar ofis a hannu ɗaya, Littafi Mai Tsarki a ɗaya. Ya taso da wuri don ya sauya riga, domin shi ma dattijo ne a majalisar da za ta zauna. Ya ga ƙanwarsa a durƙushe, ya ga abin da ke kan teburi. Ya ajiye jakar a hankali.

"Tashi ki shiga ɗaki," ya ce wa Bernice.

"Ta zauna," in ji Jacinta. "Baban Jason, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Ran Asabar da yamma ka ce mini za ka je duba wani mara lafiya."

Ya ja kujera ya zauna. Ya cire tabarau ya goge a gefen riga.

"Bernice ta kira ni tana kuka. Me kike so in yi? Na yi tunanin cakulan duk cakulan ne. Ban tuna da 'yar Florence ba, Allah ne shaidata."

"Na yarda ba ka tuna ba. Ran Lahadi fa? Kai ka bi su asibiti da mota. Kai ka yi addu'a a kan gadon."

"Jacinta, ki saurare ni da hankalin da na san ki da shi."

"Ina ji."

"Idan sunan Bernice ya fito, za a sa ta a horo. Wanda ke ƙarƙashin horo ba a ɗaura masa aure a coci, kin sani. An buga kati. Dangin Kaleb mutanen mishan ne tun kakanni, uwarsa ba za ta karɓi amaryar da aka kira sunanta daga bagadi ba. Auren zai mutu."

"Kai kuma za a sauke ka daga dattijo."

"Ba don kaina nake magana ba."

"Ban ce don kanka ba ne. Na faɗi abin da zai faru."

Ya mai da tabaransa.

"Ke kuwa wata shida ne. Wata shida a bencin baya. Kowa ya san halinki, za a ce kuskure ne na tsufa, kafin Kirsimeti an manta. Na yi wa Mama alkawari a kan gadonta cewa sai na ga yarinyar nan a ɗakinta."

"Ni ce na yi mata wanka ran da ta zo gidan nan. Ba sai ka tuna mini da Mama ba."

"To ki taimake ni."

"Da ka zo ran Lahadi ka zauna a nan, ka ce, Jacinta, ga abin da muka yi, ga abin da nake roƙo, ban san me zan ce ba. Wataƙila da na ɗauka. Na ɗauki abubuwa a gidan nan da ba ka sani ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Amma kwana huɗu kana kwance kusa da ni kana ji ina tambayar Ubangiji ko na haukace. Na zazzage kwalabe na wanke. Na zargi mai dabino. Shekaranjiya na tambaye ka ko mai yiwuwa ne na zuba wani abu na manta, ka ce mini, mutum ajizi ne."

Jonathan bai ɗago ba.

"Zan je majalisa da kaina," in ji Jacinta.

"Ba a shiga sai an kira mutum."

"Za su kira ni. Dole su ji daga bakina."

"Ba za su kira ki ba."

"Don me?"

Ya dubi agogon bango. Uku saura kwata.

"Na riga na yi magana da Rabaran Gilbert jiya. Na ce kin amsa mini a gida. Na ce kin ƙara madarar gari don cakulan ya yi tauri, kunya ta hana ki faɗa. Zaman yau na yanke watanni ne kawai. Na roƙa miki sassauci."

Bernice ta ɗago da sauri.

"Yaya, ba haka ka ce mini ba. Ka ce za ka ce ba a san abin da ya faru ba."

"Rufe bakinki. Don wa nake yi?"

Jacinta ta tashi. Ta ɗauki kwanon da suka yi aiki da shi ta sa a ruwa, ta ɗauki cokali ta sa, ta ɗauki rariya.

"Ka roƙa mini sassauci," ta ce. "Na gode, Dattijo."

"Kada ki kira ni haka a gidana."

Wayarta ta yi ƙara a kan firij. Ta goge hannu, ta duba sunan, ta danna lasifika ta ajiye a tsakiyar teburi.

"Rabaran, ina wuni."

"Lafiya lau, Maman Jason. Ki gafarce ni, ba al'adarmu ba ce in kira kafin zama, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na yi shekara tara a ikilisiyar nan, ban taɓa jin kin ƙara ko gishiri a magana ba."

"Ina jin ka, Rabaran."

"Dattawa uku sun same ni da safe. Sun ce tunda an amsa cewa da sani aka yi, kuma rai ya kusa salwanta, maganar ta wuce wata shida. Suna so a karɓe ajin yara daga hannunki gaba ɗaya. Ba za ki sake koyarwa ba."

Jonathan ya ɗago kai.

Shekara goma sha tara Jacinta ta yi tana koyar da ajin nan. Wasu daga cikin yaran da ta fara da su, 'ya'yansu ne yanzu suke zama a kan tabarmar.

"Ba zan sa hannu a kan irin wannan da maganar wani ba, ko da mijinki ne," in ji Rabaran. "Ina so in ji daga bakinki. Abin da Dattijo Jonathan ya gaya mini, gaskiya ne?"

Jonathan ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji, yana roƙonta ba murya. Bernice tana durƙushe inda take, mayafin amarya yana rataye a igiya a bayanta ta cikin taga.

"Maman Jason, kina ji na?"

"Ina ji, Rabaran. Ka riƙe layin. Akwai wadda ta fi ni sanin amsar."

Ta ɗauki wayar ta miƙa wa Bernice.

Bernice ta dubi wayar, ta dubi yayanta. Hannunta ya fara ɗagowa.

"Bernice, idan kika taɓa wayar nan, ba ni ba ke," in ji Jonathan.

Lasifikar wayar kuwa a kunne take.

"Dattijo Jonathan," in ji Rabaran, "muryarka ce nake ji?"